Alkama Ta Tona Asirin Rami

A lokacin zafin shekarar 2018 ruwan sama ya yi wa Birtaniya da Ayilan yaji. Tun daga watan Yuni har cikin Yuli sama ta ƙafe, ciyawa ta ƙone, madatsun ruwa suka ja baya, manoma suka rasa inda za su sa kansu. Sai dai faɗuwar wani tashin wani. Akwai wasu 'yan tsirarun mutane da suka daɗe suna jiran irin wannan fari, wato masana kufai masu aiki daga sama. Suka shiga ƙananan jirage da kyamarori a wuya, suka yi ta shawagi a kan gonakin alkama da sha'ir. Abin da suka ɗauko ya cika jaridu: zanen gidajen Rumawa ɗaki-ɗaki, da'irorin kaburburan da suka girmi rubutu, tsofaffin ƙauyuka da babu wanda ya san da su. A kusa da Newgrange a Ayilan ma, wasu mutum biyu da ƙaramin jirgi maras matuƙi suka hango wata ƙatuwar da'ira a tsakiyar gonar da aka yi ta nomawa shekara da shekaru ba a san tana nan ba.

Babu tsafi a cikin lamarin, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai gane shi nan take. Idan aka haƙa rami a cikin tsakuwa ko farar ƙasa, daga baya ya cike, abin da ya cike shi ƙasa ce mai laushi da ke riƙe danshi. Shukar da ta faɗa a kai saiwarta na nutsewa ƙasa, ta sami ruwa lokacin da maƙwabtanta ke jin ƙishi. Sai ta fi su tsawo, ta fi su kore, ta yi jinkirin nuna. Wadda kuma ta faɗa kan tushen bango ko daɓen dutse, ita ce ke fara yin rawaya ta tsumbure. A shekarar wadata duka gonar kore ce shar, ba a ganin bambanci. Fari ne ke tona asiri. Ban da shuka, launin ƙasa bayan an yi huɗa yakan nuna, haka inuwar sassafe ko ta la'asar sakaliya kan fito da ɗan tudu ko kwarin da ido ba ya kamawa da rana tsaka. Wanda ke tsaye cikin gonar ba zai ga komai ba face alkama mai gajarta da mai tsawo, kamar yadda tururuwar da ke tafiya kan tabarma ba ta san adon da masaƙi ya yi ba.

A cikin dubban hotunan nan akwai wani abu da ba ya shiga jarida. Wasu ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe, wasu kamar ƙwai, wasu babu fasali, a warwatse a gefen gona ko a jere kamar sawun raƙumi. Ramuka ne da aka haƙo dutse, ko tsakuwa, ko alli, ko yumɓu. Masu zana taswirar kufai kan shigar da su a rajista da kalmomi biyu ko uku su wuce. Ni kuwa a ganina waɗannan ɗigon sun fi yawancin manyan gine-ginen ba da labari, kuma raina su da ake yi wani ɓangare ne na tsohuwar ɗabi'ar masu rubuta tarihi, ta kallon fada a manta da leburan da ya ɗauko dutsen.

Ganin tarihi a jikin shuka ya girmi jirgin sama. William Camden, wanda littafinsa kan tarihin Birtaniya ya fara fitowa a 1586, ya lura cewa a Richborough da ke Kent ana iya bin titunan tsohon garin Rumawa a cikin hatsi, domin inda titi ya bi shuka ba ta yin kauri. Mutanen wurin sun riga shi sani, har suna da sunan da suke kiran alamar. A 1906 wani hafsan soja, Philip Sharpe, ya ɗauki hoton tsohuwar da'irar duwatsu ta Stonehenge daga cikin balan-balan. Amma wanda ya mai da abin ilmi shi ne O. G. S. Crawford, wanda ya yi aikin leƙen fagen daga ta jirgi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zama jami'in kufai na farko a hukumar zana taswira ta Birtaniya a 1920, sannan a 1928 shi da Alexander Keiller suka fitar da kundin hotunan yankin Wessex daga sama. A tsakanin nan ne wani matuƙin jirgin soja, Gilbert Insall, ya hango wurin da yanzu ake kira Woodhenge a 1925. Bayan Yaƙi na Biyu J. K. St Joseph na Jami'ar Cambridge ya kwashe shekaru da dama yana shawagi, ya tara hotuna dubun dubata. A Faransa Roger Agache ya yi irin wannan aiki a yankin Somme. Yaƙi ne ya ba su jirgi da kyamara, su kuma suka juya su zuwa ga gonaki.

Misalin da ya fi kama ni shi ne na hanyoyin Rumawa. Sun shiga Birtaniya a shekara ta 43 Miladiyya, kuma wajen shekara ta 80 dakarunsu sun kai Sikotilan. Duk inda suka bi suna shimfiɗa hanya: a tara ƙasa a yi tudu, a zuba duwatsu, a rufe da tsakuwa. Daga ina tsakuwar take fitowa? Babu tifa, babu tirela. Inda ƙasa ta ba da dama, nan gefen hanyar suke haƙa rami su ɗiba, su matsa gaba su sake haƙa wani. Yau a wurare da yawa hanyar kanta ta tafi. Garma ta baje tudun, manoma sun kwashe duwatsun sun yi shinge da su. Amma ramukan suna nan a ƙarƙashin ƙasar noma, domin garma na iya rushe tudu, rami kuwa sai dai ta ƙara binne shi. A yankin Gask da ke Perthshire, da wasu sassa na kudancin Sikotilan, da jerin ramukan nan ake bin sawun hanyar a hoton sama: layi biyu na ɗigo, tsakaninsu fili, filin nan shi ne hanyar da ta ɓace.

Nakan daɗe ina tunanin wannan. Abin da daula ta gina don a gani a ji tsoro ya shafe, abin da sojan ƙasa ya bari ba da niyya ba, yana gumi yana Allah-Allah a tashi aiki, shi ya rage. Kowane ɗigo wuni ne ko kwanaki na wasu mutane da diga da kwando. Babu wanda ya rubuta sunansu a jikin dutse. Sarkin Rum yana da gunki da kuɗi mai hotonsa, su kuwa ramin nan ne kaɗai sa hannunsu.

Haka abin yake da dutsen gini. Baƙi na tururuwa zuwa manyan majami'un Peterborough da Ely, suna ɗaga kai suna mamakin tsawo. Kaɗan ne ke zuwa ƙauyen Barnack, inda aka fasa dutsen da aka gina su. Tun zamanin Rumawa ake haƙar dutse a wurin, a ɗora shi a kwale-kwale a bi koguna da fadamu da shi, kuma kafin shekarar 1500 dutsen mai kyau ya ƙare. An ajiye labarin cewa gidan ibada na Ramsey na biyan na Peterborough wani kifi mai kama da maciji har guda 4,000 a kowace shekara don a bar shi ya ɗebi dutse. Abin da ya rage a Barnack yau fili ne mai tudu da kwari, wanda ba a nome shi ba, ya zama wurin da hukuma ke karewa saboda furannin da ke tsirowa a kan farar ƙasa. Wanda ya ga majami'ar bai ga ramin ba, rabin labari ya ji. A ramin ne za a san nisan da aka yi da kaya, da hanyar da aka bi, da wanda ke da iko da ƙasar, da abin da aka biya, da ranar da arzikin ya ƙare.

Barnack ta yi sa'a ba a nome ta ba. Irin wannan sa'a ce ta tsare Grime's Graves a Norfolk, inda ramuka fiye da 400 suka mai da fili kamar fuskar mai zanen agana. Kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, mutanen da ba su san ƙarfe ba suka riƙa nutsa rijiyoyi cikin alli, wasu zurfinsu ya haura mita 12, suna neman dutsen ƙanƙara, irin wanda ake ƙyasta wuta da shi, don yin gatari da wuƙa. Akwai shi a sama-sama, amma suka wuce shimfiɗa ta farko da ta biyu, suka nufi ta uku wadda ta fi baƙi da kyau, sannan suka haƙa ƙananan hanyoyi a kwance suna rarrafe. Digarsu ƙahon wata irin barewa ce mai rassa. Sai a 1870, da wani malamin coci mai suna William Greenwell ya tone ɗaya har ƙasa, aka tabbatar cewa wurin mahaƙa ce. Kafin nan an yi ta kirdado, wasu su ce kaburbura, wasu su ce sansanin mayaƙa.

A kwatanta wannan da Blackpatch a Sussex. Can ma mahaƙar ƙanƙara ce, ta ma girmi ta Norfolk. Wani ma'aikacin gidan waya mai suna John Pull ya fara tonon wurin a 1922, a lokacin hutunsa, kuma manyan masana na lokacin ba su ɗauke shi da daraja ba saboda ba ɗan gidansu ba ne. A shekarun 1950, lokacin da Birtaniya ta duƙufa wajen noma duk wani fili don ciyar da kanta, aka sa katafila ta baje wurin. Wanda ya je yau fili zai gani. Abin da ya rage shi ne rubuce-rubucen Pull, da tsofaffin hotunan sama, da abin da ke binne. Yawancin tsofaffin mahaƙun Ingila ƙaddarar Blackpatch ce ta same su, shi ya sa ba a iya ganinsu sai daga sama.

To, akwai mai cewa: rami rami ne, me ya sa za a ɓata kuɗin jama'a a kansa? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Da farko, hoton sama ba ya faɗin shekaru. Ɗigo ɗaya na iya zama aikin sojan Rum, ko na manomin ƙarni na 18 da ya haƙo yumɓu mai alli ya baza a gona don gyara ƙasa, ko inda bam ya faɗa a 1940, ko kuma ƙasa ce kawai ta zurma da kanta, kamar yadda take yi a yankunan alli. Sai an sauko an auna, wani lokaci an tona. Ko a 2020, da aka sanar da gano wasu manyan ramuka da suka yi da'ira mai faɗin kusan kilomita biyu a kewayen Durrington Walls kusa da Stonehenge, masana sun yi ta jayayya kan ko hannun mutum ne ko aikin ruwa. Duk wanda ya ce maka ya karanta tarihi tsaf daga tagar jirgi, ka riƙe aljihunka.

Na biyu, manomi ba mai gadin gidan tarihi ba ne. Gonarsa ce, da ita yake biyan bashin banki. A Ingila, inda kusan duk gona ke da wani abu a ƙarƙashinta, idan aka ce kowane tsohon rami haramun ne a taɓa, to sai a shirya sayen burodi daga waje. Ban yarda da masu son a daskarar da ƙasa ba. Ramukan nan kansu shaida ce cewa mutanen dā ba su bar ƙasa ta huta ba, sun fasa ta, sun ɗiba, sun yi gaba.

Abin da nake kira gare shi ya fi wannan sauƙi, wato a gani a rubuta kafin a shafe. Domin shafewar ta yanzu ba irin ta dā ba ce. Garmar shanu ko ta dawaki saman ƙasa take karta. Tarakta mai ƙarfin dawaki ɗaruruwa kuwa tana nutsa haƙori, kowace shekara ta ɗan ƙara gutsuro abin da ke ƙasa, har a wayi gari ramin da ya yi shekara dubu biyu ya rage gindinsa kawai. Tun a 1960 wata hukumar gwamnati ta yi gargaɗi cewa kamfanonin haƙar tsakuwa na zamani suna cinye kufan da ke bakin kogunan Ingila, wuraren da alamar shuka ta fi fitowa. Abin dariya abin takaici, sabon rami ne ke haɗiye tsoho. A 2003 hukumar English Heritage ta bayyana cewa kusan wurare 3,000 da doka ta kare har lokacin ana nome su, domin dokar ta bar ƙofa ga wanda ya riga ya saba noman wurin. Maganin da suka samo shi ne a biya manomi ya rage zurfin huɗa ko ya mai da wurin makiyaya. A ganina wannan shi ne adalci: idan tarihin na kowa ne, kada a ɗora wa mutum ɗaya kuɗin tsare shi.

Aikin rubutawar kuma ya yi nisa. A 2021 hukumar Historic England ta buɗe wa kowa taswira a intanet, wadda aka haɗa daga hotunan sama fiye da 500,000, ta kuma shafi fiye da rabin ƙasar. A ciki har da hotunan da rundunar sojan sama ta ɗauka a shekarun 1940, kafin manyan taraktoci su shigo, da kuma sabuwar na'urar da ke harba haske daga jirgi tana auna tudu da kwari ko a ƙarƙashin itatuwa. Manomi na iya buɗewa ya ga abin da ke cikin gonarsa. Na tabbata da yawansu ba za su yi mamaki ba. Mai gona ya san wurin da tarakta ke kafewa duk damina, ya san inda alkama ke kwantawa saboda ta yi tsawo fiye da kima. Ya san wurin tun kafin masani ya hau jirgi, sunan abin ne kawai bai sani ba.

Wani lokaci ma ramin yakan farfaɗo. A Norfolk, ramukan yumɓun da manoman dā suka haƙa sun zama ƙananan tafkuna, sannan bayan Yaƙi na Biyu aka cike dubbai don a faɗaɗa gonaki. Masu bincike daga wata jami'a a Landan sun bi tsofaffin taswirori sun sake tone wasu. Ruwa ya dawo, kuma irin tsirran ruwa da ya kwana a binne, wani fiye da shekara ɗari, ya tsiro. Ba zan yi wa wannan dogon sharhi ba.

Mu dawo gida: duk wanda ya tashi a tsohon gari a ƙasar Hausa ya san irin wannan rami, da sunansa: kududdufi. Kano da Zariya da Katsina an gina su ne da ƙasar da aka ɗiba daga cikinsu. Kowane soro, kowace katanga, kowane tubali, akwai ramin da ya haife shi. Ganuwar Kano da tarihi ya ce an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, ƙasarta daga ramin da ke bayanta aka tono. Muna kuka idan aka yanki ganuwa, kuma ya kamata mu yi. Amma ban taɓa jin wanda ya yi kukan kududdufi ba. Juji muka ɗauke shi, gidan sauro, sai a cike a yanka filoti. Alhali yawan kududdufan unguwa da girmansu na iya nuna inda gini ya fara yin yawa da inda gari ya faɗaɗa daga baya. A karkara ma manominmu ya san gonar kufai da ƙarfinta, ya san abin da tarin kukoki a wuri guda ke nufi.

Ba na jin dabarar Ingila za ta yi aiki a nan yadda take. Gonarsu shuka ɗaya ce shimfiɗe kamar darduma, shi ya sa ɗan bambanci ke fitowa. Tamu kunya-kunya ce, gero a nan, dawa a can, wake na yaɗo a tsakani, ga gawo da ɗorawa a tsaye. Amma muna da tsawon rani da ƙasa ke zama tsirara, kuma muna da wata taska da ba mu cika tunawa da ita ba. A 1946 Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar safiyo da ta riƙa ɗaukar hotunan ƙasashen da ke hannunsu daga sama don zana taswira, har da Nijeriya. Tarin hotunan nan yana ajiye yanzu a Edinburgh. A cikinsu akwai garuruwa da gonaki yadda suke kafin siminti da kwalta su rufe su. Ɗalibin tarihi ko na labarin ƙasa a Kano ko Zariya da zai ɗauki hoto ɗaya na wancan lokaci, ya jera shi da na tauraron ɗan'adam na yau, sannan ya zauna gaban dattijon unguwa ya ce, "Baba, wannan baƙin ɗigon me ake kiransa?", zai yi aikin da nan da shekara ashirin babu mai iya yinsa, domin hoton zai jira, dattijon ba zai jira ba.

A unguwar da na tashi akwai wani kududdufi da iyayenmu suka hana mu zuwa, mu kuwa ba mu fasa ba. Tsofaffi sukan ce daga nan aka ɗebi ƙasar masallacin unguwa da ta gidajen farko. An cike shi da shara da ɓaraguzai tun ina makarantar sakandare, yanzu jerin shaguna ne a kai, da mai cajin waya da mai sayar da siminti. Babu wanda ke kiran wurin da tsohon sunansa. Amma duk watan Agusta, idan aka kwana ana ruwa, nan ne ruwan unguwar ke taruwa har gwiwa, kuma da safe za ka ga masu shagunan sun naɗe wando suna kwasa da bokiti.